Taka ful ce ko kurof?

Mu masu hoto muna da wata gaisuwa da ba a gida aka koya mana ita ba. Idan biyu daga cikinmu suka haɗu a gidan biki, kafin a gama "ya aiki, ya jama'a" ido ya riga ya sauka kan abin da ke rataye a wuyan ɗan'uwa. Can sai tambaya ta fito a hankali, wai ita ba da wata manufa ba: "Taka ful ce ko kurof?" Wanda ya ce ful, sai ka ga ya gyara tsayuwa. Mai kurof kuwa ba ya amsawa haka kawai, sai ya haɗa da uzuri: ai babbar tana wajen gyara, ai ƙanena ne ya tafi da ita aiki Kaduna, ai kafin babbar Sallah in sha Allahu zan canza. Akwai waɗanda babbar kyamararsu ta shekara da shekaru a wajen gyara, kuma har yau babu mahaluƙin da ya taɓa ganinta.

Duk wannan kunya a kan 'yan milimita ake jin ta. Cikin kowace kyamara akwai ɗan allon da haske ke sauka a kansa, wato sensa. Wadda muke kira ful, tata milimita 36 ce a tsawo, 24 a faɗi. Ta kurof ɗin Canon, irin su 600D da 700D da suka cika shagunanmu, wajen 22 da 15 ce. Ta Nikon da Sony ta ɗan ɗara, kamar 23.5 da 15.6. Ta tsarin da Panasonic da Olympus suka haɗu a kai a 2008 kuma 17.3 da 13. In aka auna daga kusurwa zuwa kusurwa, ful tana da milimita 43 da 'yan kai. A raba wannan da awon ƙaramar, sai a sami lambar da muke jifan juna da ita: 1.6 ga Canon, 1.5 ga Nikon da Sony, 2 ga Panasonic.

A majalisarmu akwai wani dattijo da ya sha wankin fim a ɗakin duhu tun kafin a haifi yawancinmu. Duk ranar da aka tayar da wannan zance, dariya yake yi har sai ya dafe hula. "Ku yaran nan, wai ful! A zamaninmu ai ita ce ƙaramar. Yashica ɗina fim ɗinta santimita 6 da 6 ne, kuma ban taɓa jin na raina mai ƙarama ba, sai dai in ya ƙwace mini kwastoma." Baba yana da gaskiya. Awon 36 da 24 ba daga sama ya faɗo ba. Wani Bajamushe ne, Oskar Barnack na kamfanin Leitz, ya ɗauki fim ɗin silima mai faɗin milimita 35 ya kwantar da shi, ya ninka filin hoton, don ya sami kyamarar da mutum zai yi yawo da ita ba tare da ɗan dako ba. Leica ɗin da ta fito daga wannan dabara ta shiga kasuwa a 1925. Da awon ya daɗe a hannun kowa, sai ya zama ma'aunin da ake gwada saura da shi. A Bamako kuwa, Seydou Keïta, wanda ya buɗe shagonsa a 1948, fim mai santimita 13 da 18 ya yi aiki da shi, kuma hotunansa na manyan riguna da ɗaurin kallabi suna rataye a gidajen tarihi na duniya. A gaban wannan, da mai ful da mai kurof duk yara ne.

Rigimar da ta fi kowace daɗi ta tashi ne ranar da yaron shagon maƙwabcinmu ya tara 'yan kuɗinsa ya sayo lens ɗin nan na milimita 50 mai 1.8, ya ɗaura wa 600D ɗinsa, ya zo majalisa baki har kunne. Ogansa, mai riƙe da 5D ta ful, ya karɓa ya jujjuya.

"Madalla, Allah ya sa albarka. Amma ka sani, a kan kyamararka wannan ba 50 ba ne, 80 ne. Kuma 1.8 ɗin da kake taƙama da shi, 2.9 ne."

"Haba Oga! Ga shi fa a rubuce a jiki. Ko cutata aka yi a kasuwa?"

"Ba wanda ya cuce ka. Kyamararka ce ke cinye rabi."

Nan take majalisa ta rabu biyu. Har mai shayi ya sa baki, ya ce shi dai a saninsa abin da aka rubuta a jikin kaya shi ne kaya, in ba haka ba a mayar wa mai shi. Sai da wani malamin kimiyya na sakandare, wanda ke taɓa hoto ranakun Asabar da Lahadi, ya ajiye kofinsa ya ce: "Alhaji, ka faɗi gaskiya, amma a karkace ka faɗe ta, ga shi ka tayar wa yaro da hankali."

Bayanin Malam shi ne, lens bai san kyamarar da aka ɗaura shi a kai ba. Milimita 50 ne a kan 5D, milimita 50 ne a kan 600D. Aikinsa ya jefa hoto zagayayye a bayansa. Babbar sensa ta kwashi mafi yawan da'irar, ƙaramar ta ɗauki tsakiya kawai, gefen ya tafi a banza. Abin da ya rage shi ne daidai filin da lens mai 80 zai nuna a kan ful, to daga nan Oga ya samo 80 ɗinsa. Wannan kam duk wanda ya taɓa shiga ɗakin amarya da 50 a kan kurof ya san shi a jikinsa. Kana ta ja da baya don gado da jere su shigo, har ƙeyarka ta daki bango, ga ƙawaye goma sha sun cunkushe suna cewa, "Mai hoto, ka fa fito da mu duka!" Kai kuma abin da kake gani a kyamara fuska uku ne da rabin kafaɗa.

Zancen 1.8 ne ya fi wuyar shiga kai. Yawancinmu mun ɗauke shi kamar wata lambar girma da kamfani ke liƙa wa lens mai kyau, alhali amsar lissafi ce kawai: tsawon lens a raba da faɗin ƙofar da haske ke bi. Hamsin a raba da 1.8, ƙofar ta kama milimita 28 ke nan, ko kusa da haka. Wannan ƙofa ba ta tsukewa don an canza mata kyamara. Hasken da ke sauka kan kowane milimita na sensa ɗaya ne a nan da can. In 5D ta ce a ɗakin nan a sa ISO 800 da 1/125 a kan 1.8, ita ma 600D haka za ta ce, kuma hotunan biyu za su fito da haske iri ɗaya. Ta wannan fuska yaro ya ci: 1.8 ɗinsa na nan daram.

Malam ya ce a ajiye garwa da gwangwanin madara a tsakar gida ana ruwan sama. In ruwa ya ɗauke, a tsoma kara a kowanne, zurfin ɗaya za a samu, amma ruwan garwa ya isa wanki, na gwangwani ko alwala ba zai yi ba. Filin sensar ful ya ninka na kurof ɗin Canon fiye da sau biyu da rabi, don haka jimillar hasken da take tarawa ma haka. Shi ya sa a ɗakin dina mai duhu, inda masu kwalliyar wuri suka kashe farin ƙwai suka kunna shuɗi da ja, hoton kurof ke riga yin yashi-yashi. In kyamarorin zamaninsu ɗaya, ISO 800 a kan kurof ya yi kusa da 2000 a kan ful wajen wannan yashi.

Yaro ya ce, "To Malam, 2.9 ɗin Oga fa, daga ina?"

Daga ƙafarka, in ji Malam. A kowane hoto akwai wata tazara, gaba da bayan inda ka saita, wadda komai na cikinta ke fita garau. Abin da ya fita daga cikinta sai ya fara dishi-dishi har ya narke. Ka ɗauki 50 ɗin nan a kan 1.8, ka tsaya mita 2 daga amarya da 5D. Tazarar da za ta fita garau kamar santimita 17 ce: ido da hanci da sarƙa sun shiga, bayan gwaggwaro ya fara tafiya. Ka cire lens ɗin ka ɗaura wa 600D, kada ka motsa daga inda kake. A nan majalisa ta yi tsit, don kowa na jiran ya ce tazarar ta ƙaru. Sai ya ce ta ragu, ta koma wajen santimita 11, saboda ƙaramin hoto sai an ƙara buɗa shi kafin ya cika takarda ko fuskar waya, kuma buɗawar tana tona duk wani ɗan dishi da ido bai gani ba da farko.

Oga ya ce, "A'a Malam, wannan kuma ka juya mana magana."

Bai juya ba. Matsalar ita ce babu mai hoton da ke tsayawa inda yake. A mita 2 da kurof, amarya ba ta shigo ba sai fuska da wuya, an yanke lallen hannun da aka yi wuni ana zanawa, kuma wallahi ba za a yafe maka ba. Dole ka ja baya zuwa mita 3.2 kafin ka sami abin da mai 5D ya samu a mita 2. Da ka ja baya kuwa, tazarar garau ta buɗe ta kai wajen santimita 28. Kusan sha bakwai sau 1.6 ke nan. Ko kuma ka tsaya a mita 2 ɗin ka sa gajeren lens mai wajen 31, sakamakon kusan ɗaya ne. Saboda haka in ana son a san kamannin hoton da wani lens zai bayar a kan kurof, sai a ninka lambobin biyu da 1.6: hamsin ya koma 80, 1.8 ya koma 2.9. Kamannin hoto ake nufi, wato faɗin fili da narkewar baya. Hasken da za ka saita bai canza ba, gilashin ma bai canza ba.

Da a nan aka tsaya, da Oga ya tashi da nasara. Amma Malam ya tambaye shi wane lens ne ke kan 5D ɗinsa kullum. Kowa ya sani, 24-105 ne mai 4, wanda ya zo da ita a kwali. Malam ya ce a murɗa shi zuwa 80, a tsaya kafaɗa da kafaɗa da yaro, a ɗauki mutum ɗaya. Tamanin a raba da 4, ƙofar Oga milimita 20 ce. Ta yaro 28. Wanda ƙofarsa ta fi faɗi, bayan hotonsa ne zai fi narkewa. Aka tsayar da mai shayi a bakin titi, aka ɗauka, aka haɗa kawuna a kan fuskar kyamara. A na Oga ana iya karanta rubutun da ke jikin A-daidaita-sahun da ta wuce, a na yaro rawaya ce kawai ta baje. Oga ya daɗe yana kallo, sannan ya ce ai rana ta riga ta yi sanyi, gwaji ba ya yiwuwa a irin wannan haske.

Ni dai tun daga ranar na fi yarda da wannan lissafi na faɗin ƙofa, don ba ruwansa da suna ko tsadar kyamara. Lens ɗin 18-55 da ke zuwa da ƙananan kyamarori, a kan 55 da 5.6, ƙofarsa ba ta kai milimita 10 cikakku ba. Shi ne ainihin dalilin da ya sa hoton sabon shiga ke fitowa da janareta da igiyar shanya da akuyar maƙwabta duk garau, ba laifin sensa ba ne. Lens mai 85 da 1.8 ƙofarsa 47 ce. Babban farin nan 70-200 mai 2.8, wanda muke haya ranar hotunan kafin aure mu riƙa ɗaga shi sama don dangin ango su gani, a kan 200 ƙofarsa ta haura milimita 70.

Amma fa mu ma muna da ciwonmu, kuma ba ƙarami ba ne. Duk wanda ya sayi 1.8 a cikinmu, to ya rantse ba zai ƙara tsuke shi ba har abada. Gani yake in ya sa 5.6 ya yi asarar kuɗinsa. Hoton amarya ita kaɗai, 1.8, wannan daidai ne. Hoton ango da abokai, 1.8. Hoton dangi sahu uku, iyaye a kujera, yayye a tsaye, yara a ƙasa, nan ma 1.8. Sai a kai albam, hajiyar gida ta sa tabarau ta duba ta sake dubawa, ta ce, "Ɗan nan, wannan Goggo ce ko wa? Matar da ta taso tun daga Damagaram, ka mai da ita hayaƙi?" Ba ka da amsa, don Goggo a sahu na uku take, mita guda bayan inda ka saita, kai kuma tazarar da ka ba wa mutane ba ta kai rabin haka ba. A irin wannan wuri mai kurof ya fi mai ful kwanciyar hankali. Abin da zai samu a kan 4, mai ful sai ya tsuke zuwa wajen 6.3 kafin ya samu, kuma da ya tsuke, dole ya ɗaga ISO, ribar hasken da yake taƙama da ita ta zube. Amarya na son baya ya narke, uwarta na son ta ga fuskar kowa. A yawancin gidaje kuwa uwar ce ke biyan cikon kuɗi.

Wannan son narkewar baya yana da asali. Shekaru da yawa kyamarorin bidiyon da ake ɗaukar biki da fim da su sensarsu 'yar mitsitsiya ce, komai na fita garau daga hancin jarumi har bangon gidan da ke ƙarshen layi. Da Canon ta fito da 5D Mark II a 2008, kyamarar hoto mai ful da ke ɗaukar bidiyo, sai masu ƙaramin jari a ko'ina, har da masu fim namu na Titin Gidan Zu, suka ga za su iya raba mutum da bayansa yadda ake gani a silima. Abin dariyar shi ne ita silimar da ake kwaikwayo ba a kan ful aka gina ta ba. Awon da ake kira Super 35, wanda aka ɗauki ɗimbin manyan finafinan Amurka da shi, faɗinsa wajen milimita 25 ne, wato ɗan'uwan kurof ɗin da muke jin kunya. ARRI Alexa da ta fito a 2010 ta mamaye manyan finafinai, sensarta wannan awon ce. Su can suna da mutum guda wanda aikinsa kawai murɗa saiti yana bin jarumi, amma duk da haka ba kullum suke buɗe ƙofa gaba ɗaya ba. Mu nan mutum ɗaya ne ke riƙe kyamara, yana tafiya da baya, yana kauce wa masu liƙi, kuma ya ce sai 1.8 a kan ful. Shi ya sa a bidiyon kamu za ka ga amarya ta shigo garau, taku biyu ta ɓace, taku biyu ta dawo.

Akwai ma wani ɗan gilashi da kamfanin Metabones ya fitar a 2013, Speed Booster, da ake sa wa tsakanin lens ɗin ful da ƙaramar kyamara marar madubi. Yana tattaro da'irar nan da ke zubewa a gefe ya matse ta kan ƙaramar sensa, sai 50 mai 1.8 ya koma kamar 35 mai 1.3. Masu Panasonic sun daɗe suna rufa wa kansu asiri da shi.

Ranar Hawan Daushe kuma lissafi juyewa yake yi. Kana can nesa a Ƙofar Kudu, dogarai ba za su bar ka ka matso ba, ga ƙura, ga dawakai na tahowa a guje. Mai Nikon kurof da 70-300 yana ganin filin da mai ful sai da 450 zai gani, kuma 'yar ƙarin tazarar garau ɗin nan ita ke sa kan doki da rawanin mahayi su fita tare. Mai ful zai ce ai zai yanke nasa a kwamfuta. Zai iya, amma in kyamararsa mai megafiksel 24 ce, abin da zai rage masa bai kai 11 ba, alhali na kurof na nan da 24 ɗinsa cif.

Yanzu dai abin da ya haɗa kanmu, mai ful da mai kurof, waya ce. Ƙawar amarya za ta miƙo maka tata ta ce ita ma 1.8 ce, a kwali aka rubuta. Ba ƙarya ta yi ba. Sai dai lens ɗin waya tsawonsa milimita huɗu ne zuwa shida ko bakwai, ƙofarsa kuma ba ta wuce milimita biyu zuwa huɗu ba. A awon ful, 1.8 ɗin ƙaramar waya ya kama wajen 11 ke nan, komai garau. Narkewar bayan da ake gani a hotunanta, tun daga iPhone 7 Plus a 2016 har zuwa Tecno da Infinix ɗin da ke Farm Centre yau, manhaja ce ke ƙirƙirar ta: ta yi hasashen inda mutum ya ƙare, ta shafe saura. Hasashen kuma bai san gwaggwaro ba. Sai ka ga ta gutsure masa kunne ɗaya, ta haɗiye ɗan kunnen hagu, ta mai da bakin mayafi hazo, ta bar wani yanki na kujerar roba garau a tsakanin hannu da ƙugu. Mu mun ɗauka kowa na ganin wannan aika-aika. Ashe ido ya saba. Makon jiya wata amarya ta dawo wa maƙwabcinmu da hotunan da ya ɗauka da 5D da farin lens na haya, ta ce sun yi kyau, amma bayan bai goge sosai ba, ko zai gyara mata su zama irin na wayar ƙawarta. Ya kwana a gaban kwamfuta yana shafawa.